Dutsen da Za Ka Hau a Bazarar Bana

Jega Firchin.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, wadda Allah Ya sauƙaƙa mini ita da rashin durƙuso, ina roƙon Ubangiji Ya tsare ka a hanyarka ta zuwa Jos, Ya sa ka fara aikinka a sa'a, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya kuma kare ka daga shawarar abokai masu yawan lafiya da ƙarancin tunani. Amin.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa a cikin jakarka daga mutumin da bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da naka. Dalilin a fili yake. Duk sa'ad da na gyara murya domin in yi maka nasiha, sai ka sunkuyar da kai ƙasa. Na daɗe ina yaba wannan ladabi naka a gaban abokaina, kafin Innarka ta sanar da ni cewa waya ce a kan cinyarka. Saboda haka na koma ga takarda, wadda ita kaɗai ce ta taɓa jure maganata har ƙarshe a tsawon shekarun da na yi ina koyarwa. Ba zan ba ka labarin gida ba, domin jiya-jiya ka ci tuwo a cikinsa. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni, ita ce maganar dutse.

Ka gaya mana cewa abokan karatunka da suka riga ka zuwa Jos suna da ƙungiya ta masu hawan duwatsu, ba don kiwo ba, ba don gudun yaƙi ba, sai don kawai duwatsun suna tsaye su kuma ba su da abin yi. Ka ce sun shirya fita a bazarar nan kafin ruwa ya sauka, kuma sun ɗora maka zaɓen dutsen da za a hau, bisa hujjar cewa mahaifinka ya taɓa hawan dutse a zamaninsa. Wannan hujja ta burge ni ƙwarai da gaske. Daidai take da a naɗa mutum sarkin ruwa domin an ji ubansa ya taɓa nutsewa a gulbi.

Duwatsu uku ka lissafa mana. Akwai dogon nan na ƙasar Zamfara, wanda na ga idonka yana ƙyalli da ka ambace shi. Akwai wanda ni na hau a ƙasar Zuru, wanda ka ce kana so ka ƙarasa abin da na fara. Sai kuma wani a bayan garin Jos, wanda ka faɗa da gefen baki, ka ce ɗan ƙarami ne, har yaran makaranta suna hawansa, akwai masu koyarwa da igiya da hular kwano, ba wurin da mutum zai ɗauki hoto ya nuna wa jama'a ba ne.

Innarka ta yanke hukunci tun kafin ka rufe baki. Ta ce in hana ka, in kuma haɗa da rantsuwa. Da na ce ba zan hana ba, ta tashi ta bar mini tabarmar, kuma tun daga ranar abincina yake iso ni ba tare da ko sannu ba. Ina ɗauke da wannan horo da haƙuri irin na manyan mutane. Amma ya kamata ka san dalilin da ya sa na zaɓi fushinta a kan hana ka.

Ni an hana ni. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya hana ni da kalma ɗaya, ya koma ga carbinsa yana ganin ya gama aiki. Abin da hanin ya haifar shi ne na ce masa za ni ɗaurin aure a Koko, na tafi inda na yi niyya. Ranar da abin da ya faru ya faru, babu mutum ɗaya a Jega da ya san ƙasar da zai tura a neme mu. Hanin bai riƙe ƙafata ba, bakina kawai ya rufe. Don haka ga buƙatata ta farko gare ka: duk dutsen da kuka tsayar, ko da wanda na ƙi ne, ka faɗa mini sunansa, da sunan garin da ke gindinsa, da ranar da za ku hau. Na fi son in zauna da fargabar da na san inda take.

Ka san Babanka Sambo na Jiga Makera ta ƙasar Aliero tun kana rarrafe, kuma a zaune ka san shi. Ka taso kana ganinsa a kan tabarma a ƙofar gida, ana zube masa albasa yana ware mai kyau daga mai ruɓa kafin a kai rudu, wato rumbun albasa, a ajiye, kana jin manya suna cewa daga dutse ya faɗo, ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu musu. Sai dai ba daga sama ta faɗo a dunƙule ba, mu muka harhaɗa ta sannu a hankali, kowa da gudummawarsa, kuma tawa ba ita ce ƙarama ba.

Sambo taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. A wancan lokaci shi ne saurayin da ya fi kowa ƙarfi a kasuwar albasa ta Aliero. Yakan ɗauki buhu ya jefa saman mota kamar matashin kai. Ni kuwa sabon malamin makaranta ne, ramamme, mai tabarau, wanda ya karance duk abin da ke cikin kabad ɗin littattafan makarantarmu, har da waɗanda gara ta riga ni farawa. A cikinsu akwai labaran wasu Turawa masu hawan duwatsun ƙanƙara. Na lura, da zurfin nazari irin nawa, cewa da yawansu a watan Maris ko Afrilu suke fita, suna kuma yabon wannan lokaci da cewa sanyi ya karye, iska ta yi laushi, furanni sun buɗe. Nan take na yanke cewa sirrin hawan dutse a cikin watan yake. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko ranar ƙasar Kabi ta karanta waɗannan littattafai. Watan da su suke kira na furanni, shi ne mu a nan kare yake neman kwata ya kwanta, jaki ya ƙi tafiya, mutum ya yi sallar azahar yana ɗaga goshi da sauri daga tabarma.

Dutsen kuma daga kalanda na zaɓe shi. Tana rataye a shagon wani tela a Jega Magaji, dutsen ya fito a jikinta sumul, sama shuɗiya a bayansa, an rubuta sunan garin a ƙasa. Hoton bai nuna hanya ba, bai nuna rijiya ba, bai nuna ko da mutum ɗaya da za a gwada tsawo da shi ba. Na tsaya ina kallonsa har telan ya tambaye ni ko ɗinki na kawo. Wayarka, Nasiru, kalanda ce mai shafuka da yawa. Ita ma saman dutse take nuna maka. Wanda zai zaɓi dutse daga gindinsa ya kamata ya fara: wace hanya ce take zuwa wurin, su wa ke zaune a ƙarƙashinsa, ina ruwa, ina inuwa, ina asibiti mafi kusa, kuma mota tana iya isa har inda mutum zai faɗo ko sai an ɗauko shi a ka. In waɗannan sun yi, sai ka ɗaga kai ka duba tsawo.

An gama cirar albasa, hannun Sambo ya sarara, sai na je na same shi da maganar. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa, sa'an nan ya ce, "Dikko, wanga dutsi naka, in munka hau, mi za mu iske bisa?"

Na ce masa ɗaukaka.

Ya ce, "Ita ɗaukakar, buhu-buhu aka ɗaukar ta ko kwando-kwando?"

Na yi masa jawabi mai tsawo a kan himmar ɗan Adam. Ya ce bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba, domin iska tana iya ɗauke ni a ce shi ya yi sakaci da ɗan kawunsa. Ka lura da wannan. Ba son dutse ne ya kai Sambo can ba, kunyata ce da ƙaunata. A cikin kowace ƙungiya akwai irinsa, mutumin da bai so tafiyar ba amma bai iya cewa a'a ba. Tunda kai aka ba zaɓi, ka neme shi a cikin abokanka, ka zaɓi dutse daidai ƙarfinsa, ba daidai burinka ba. In wani abu ya faru, sau da yawa a kansa yake faruwa, mai burin kuma ya dawo gida da ƙafafunsa ya yi ta rubuta wasiƙu har tsufa.

Wani direba mai suna Mamman, mutumin Maiyama, zai kai lodin albasa ƙasar Zuru, ya yarda ya sauke mu kusa da dutsen ya kuma biyo ta kanmu in ya sauke kaya. Na fito daga gida sanye da rigar sanyi mai kauri da hular ulu da na saya a gwanjo, domin haka na ga masu hawa suna yi a hotunan littafi. Sambo ya dube ni daga sama har ƙasa ya tambaye ni ko masassara nake yi. Na ce masa can sama akwai sanyi. Ya ce shi a iya saninsa in mutum ya hau sama rana yake matsowa kusa da ita, amma tunda ni na yi boko, ya bar mini. Guzurinmu kuwa butar shayi ce da burodi, domin mutanen littafi shayi suke sha a kan dutse. Ruwa ɗan kaɗan muka riƙa.

Ba mu fara hawa ba sai da hantsi ya ɗaga sosai, saboda na nace sai mun karya kumallo a natse. Dutse a bazara tanda ne, ɗana. Tun kafin mu yi nisa tafin hannuna ya fara tashi, ba ka iya dafa wuri ka daɗe, kuma hawan dutse gaba ɗayansa dafawa ne da daɗewa. Rigar sanyin na cire ta na bar wa ƙadangaru, ina fatan sun amfana. Shayin ya ƙara mana ƙishirwa. In har a bazara za ku hau, to ku nemi ƙasar da Allah Ya yi wa rangwamen zafi, ku kama dutse da zarar kun sallame asuba gari ya waye, ku kasance a ƙasa kafin rana ta take. Ku ɗauki ruwa har sai ya yi muku nauyi, sa'an nan ku ƙara.

Akwai wani abu game da mu da ba a rubuta a kowane littafi ba. Mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama, Allah Ya shimfiɗa mana ƙasa kamar faranti. Abu mafi tsawo da ɗanmu yake hawa shi ne saman lodin albasa, in ya gama ɗauri kuma dirowa yake yi. A wurinmu hawa shi ne aiki, sauka hutu ce. Ni da Sambo mun shafe kwanaki muna shawarar yadda za mu hau, ba mu ɓata ko numfashi ɗaya a kan yadda za mu sauko ba. Sai da muka kai wani ɗan dandamali a tsakiyar dutsen, muka ga gaba ta miƙe kamar bango, muka yarda a koma, sa'an nan muka gane cewa a wajen sauka ƙafa ce take yin gaba, ita kuwa ƙafa ba ta da ido. Inda muka bi muka hau cikin raha, muka leƙa muka ga kamar ba mu muka bi ta nan ba. Kafin ka ɗora ƙafa a kan kowane dutse, ka sa a nuna maka hanyar saukowa, ka gan ta da idonka.

Muna da igiya. Kada ka ɗauka mahaifinka ya tafi ba shiri. Mamman ne ya ara mana ɗaya daga cikin igiyoyin da yake ɗaure lodi da su, mai kauri, wadda ya rantse ta riƙe albasa har Ikko ta dawo ba sau ɗaya ba. Mu duka muka gamsu, domin a ƙasarmu babu shaidar ƙarfi da ta wuce wannan. Ba wanda ya yi tunanin cewa igiyar da ta yi shekaru tana shan rana tana gogar ƙarfen mota ta riga ta ba da abin da take da shi. Muka ɗaura ta a gindin wata bishiya da ta tsiro a tsagar dutse. Ni na fara sauka, ta riƙe ni, domin riƙe ni a lokacin ba abin alfahari ba ne ga kowace igiya. Sambo ya biyo. Yana tsakiya yana yi mini ba'a cewa in matsa kada ya taka ɗaukakata, sai ta tsinke daidai inda take gogar bakin dutse.

Tazarar ba ta da yawa. Ba ta kai tsawon bene ba. Ya faɗo da baya a kan wani dutse, cinyarsa ta dama ta karye, ƙafar ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba. Duk wanda ya zo cinyar yake kallo, domin ita ce ake gani. Ya ce bayansa ma yana ciwo, muka ce ai dole.

Igiyar da ba a yi ta domin ɗaukar ran mutum ba, kada ka rataya ranka a jikinta, ko wa ya rantse. Hular kwanon nan da ɗamarar da kake raina wa mutanen Jos, ka sa su ko da za su mayar da kai abin dariya a hoto.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin duk abin da na faɗa a baya kuskure ne da kowane wawa a kowace ƙasa zai iya yi. Wanda ya biyo baya namu ne mu kaɗai.

Mutanen ƙauyen da ke kusa suka taimaka aka sauko da shi a kan ƙyauren ƙofa. Lokacin yana motsa yatsun ƙafarsa duka biyu, na gani da idona. Akwai ɗan ƙaramin asibiti a garin da ke gaba, malamin da ke wurin ya duba shi ya ce cinya ba ta dame shi ba kamar baya. Ya ce a bar shi kwance a kan ƙyauren nan kada a tanƙwara shi, a kai shi babban asibiti mafi kusa a hankali. Muka yi masa godiya cikin ladabi, irin godiyar da ake yi wa baƙon da bai san da wa yake magana ba. Mu da muke da Aliero? Garin da ake ɗauko masu karaya daga ƙasashe masu nisa a kawo su ɗori, su koma da ƙafafunsu? Tun muna yara in mutum ya hau bishiya ba a ce masa kada ya faɗo, sai a ce in ya karye gida na nan. Da wannan tunani muka girma, kuma in gaya maka gaskiya, da shi muka hau dutsen tun farko. Karaya a wurinmu ba masifa ba ce, ɗan jinkiri ne.

Sambo da kansa, yana cije leɓe, ya ce, "Ku kai ni gida. Ɗan Aliero ba a ɗora shi garin wasu, sai a yi muna dariya."

Mamman ya iso da motarsa ba kaya, ya goyi bayansa. Ni ma na goyi bayansa, har na ƙara da bayani a kan fifikon hikimar gargajiya. Ƙyauren kuwa na mutane ne, sai muka mayar musu da abinsu. Muka shimfiɗa buhunan da ba komai a cikinsu a bayan mota, muka jingina Sambo a zaune domin ya ce ya fi jin daɗin haka, na zauna kusa da shi na riƙe cinyar da hannu biyu kamar ita ce dukan Sambo.

Babbar mota in ba kaya a kanta tsalle take yi, ka sani. Hanyar kuma a lokacin rami ne da ɗan kwalta a tsakani. Kowane rami sai ya yi ƙara ya zagi Mamman, ya zage ni, ya zagi telan da ya rataya kalanda. Muka wuce Koko, garin da mahaifina yake zaton ina cin shinkafar biki a cikinsa. Muka wuce asibiti ba ɗaya ba, ba wanda ya ko waiwaya. Muna dab da Maiyama, bayan wani rami da ya ɗaga mu duka ya sauke, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Dikko, ciwon ya lahwa. Ban jin komi."

Muka yi hamdala. Na buga jikin mota na gaya wa Mamman, shi ma ya yi hamdala, ya ce iskar gida ce ta fara aiki. Ban taɓa yin farin ciki irin na wannan lokaci ba, kuma babu farin cikin da nake tunawa da shi jikina ya yi sanyi kamarsa.

Mai ɗorin da aka kai shi wurinsa dattijo ne da ya san aikinsa, kuma ya yi shi. Cinyar ta ɗoru sarai. Har yau in ka duba ƙafar Babanka Sambo ta dama, ba za ka sami wadda ta fi ta miƙewa ba a duk ƙasar nan. Ba ta dai sake taka ƙasa ba, ita da 'yar'uwarta da ba abin da ya same ta. Ban ga laifin ɗori ba, kuma ba zan yarda a zage shi a gabana ba. Ƙashi aka kai masa, ya kuwa gyara ƙashi. Abin da ya lalace lakar bayansa ce, kuma a hanya ta lalace, a kan buhuna, a hannuna.

Shekaran jiya na hau babur na je Jiga Makera na gaya masa abin da kake shiryawa. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya tambaye ni ko kai ma littafi ka karanta, na ce a'a, waya. Ya ce to ka fi ni, ko ba komai ita ana iya kiran mutane da ita. Na gaya masa Innarka tana so in hana ka. Ya ɗauki wata albasa ya matsa wuyanta, ya jefa ta cikin marasa kyau, sa'an nan ya ce, "Bar shi shi tai. In ka hana shi, ɗaurin aure za shi." Da na tashi tafiya sai ya riƙe bakin rigata ya ce, "Taubashi, dutsin ƙahwa guda ya amsa. Sauran mu munka ba hanya da hannunmu." Na hau babur na taho, karo na farko tun muna yara da muka rabu ba zagi.

Ga hukuncina a kan duwatsunka, na kuma san ba dole ne ka bi ba.

Na Zamfara ban ga laifinsa ba, dutse ne mai kwarjini. Amma ka san halin da hanyoyin can suke ciki a shekarun nan kamar yadda kowa ya sani. Ba na so in tsaya ina lissafin haɗarin sama alhali na ƙasa ya fi shi. Ka bar shi, yana nan, ba inda za shi. In Allah Ya kawo zaman lafiya ka kai 'ya'yanka.

Na Zuru kuma, ka ce za ka ƙarasa abin da na fara. Ban fara komai ba, ɗana. Na je ne na bar rigar sanyi da ƙafafun mutum. Babu wani abu nawa da ya rage a can da yake jiran magaji, kuma a bazara dutsen nan ko akuya sai da dalili take hawansa.

Ka zaɓi ƙaramin, na bayan Jos. Na san abokanka za su ce ɗan mai hawan dutse ya kai su wurin wasan yara. Ka bar su su faɗa. Ka ce mahaifinka, wanda suka dogara da iliminsa, shi ya zaɓa, in suna da ƙorafi su rubuto mini, ina da lokaci da takarda. Akwai sanyi a can, akwai waɗanda aikinsu ke nan, akwai gari kusa. In kun hau kun sauko kuna jin kunyar ƙanƙantarsa, ku ji kunyar a tsaye.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi, kuma na riga na faɗe ta a gaban Baffanka Umaru domin kada a ce daga baya ba a ji ba. In Allah Ya ƙaddara ka faɗo, a kowane dutse ne, kada ka ce a kawo ka gida. Kada ka bar kowa ya zaunar da kai, kada ka bar kowa ya naɗe ka a bayan mota domin ya nuna maka ƙauna. Ka kwanta inda ka faɗi har masu abin ɗauka su zo, ka tafi asibitin da ya fi kusa ko da ba ka taɓa jin sunan garin ba. In zafi ya sa ka manta da wannan ka kira gida kana roƙo, to ka sani tun yanzu ba zan aiko mota ba. In wani daga cikin dangi ya ce zai aika, zan zauna a gaban tayar.

Baffanka ya ce wannan magana ba ta ɗan ƙasar nan ba ce, ya ce ina so in bar jininmu a hannun baƙi alhali duniya gidanmu take zuwa neman ɗori. Ya ce in abin ya faru mutane za su ce Dikko ya yar da ɗansa. Na ce masa su faɗa. Ya tashi bai yi mini sallama ba, ya zama mutum na biyu a gidan nan da ba ya magana da ni saboda kai.

Ni zan zo. Zan shiga motar haya ni kaɗai, in zo in zauna a gefen gadonka a garin mutane, in jure sanyinsu da abincinsu, in yi ta yi maka nasiha ba ka da inda za ka gudu, har ranar da likita zai ce ka tashi. Sa'an nan mu dawo gida tare, kowa a kan kujerarsa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya riƙe ƙafarka a inda ido ba ya gani. Allah Ya hau da kai, Ya sauko da kai, Ya sa wannan doguwar takarda ta zama ɓarnar tawada kawai. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran Innarka ko da ba ta amsa da daɗi ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Dikko